Wadda Ba Ta Faɗa Tarkon Yusra Ba

Mako uku ke nan Malama Nabilah tana zama yarinya 'yar shekara goma sha uku. Da zarar an tashi daga makaranta, sai ta rufe ofis, ta ɗauko tsohuwar wayarta, ta koma Yusra, 'yar Mararaba mai neman ƙawaye.

Ba don nishaɗi take yi ba. A wata makarantar kuɗi da ke Dutse Alhaji, ita ke koya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare yadda za su kare kansu a intanet, da yadda za su yi magana da ladabi in sun shiga. Mai makarantar, Oga Bernard, ya riga ya gaya mata cewa ranar taron iyaye zai ga amfanin darasin da idonsa. In bai gani ba, darasin ya tafi, ita ma ta bi shi.

Iyayen ma ba duka suka so abin ba. Tun makon farko wata tsohuwa, Iya Yelwa, mai sayar da tukwanen Ushafa a bakin titin Bwari, ta zo har ofis ta ce ita ba ta ga dalilin barin jikarta Zulai da waya ba. Malama Nabilah ta yi mata irin murmushin da mai digiri ke yi wa wanda karatunsa ya tsaya a ajin yaƙi da jahilci.

“Iya, wannan zamanin ba naku ba ne. Ku bar mana su.”

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta mayar da tabaraunta cikin jaka, ta fita.

A aji kuwa yaran sun haddace komai. Kada ka ba baƙo hotonka, kada ka faɗi inda gidanku yake, kada ka zagi kowa. Suna rerawa har ana jin su a titi. Don ta sami shaidar da za ta nuna, Malama ta ƙirƙiro Yusra, ta aika wa ɗalibanta talatin da biyu saƙo, kowa shi kaɗai.

Sadisu, wanda ya fi kowa ɗaga murya wurin rerawa, bai cika kwana biyu ba ya faɗi launin ƙofar gidansu da lokacin da babansa ke fita zuwa ma'aikata. Juwairiyya ta turo hotuna bakwai, duk da kayan makaranta, ta haɗa da lambar sirrinta don nuna amana. Nazir bai ba da komai ba sai zagi, irin wanda Malama ta karanta ta ajiye wayar ta yi a'uzubillahi. Haka suka yi ta zubewa har talatin da ɗaya.

Saura Zulai. Amsarta ta farko sai da ta ci rabin awa kafin ta iso, babu gajarta kalma ko ɗaya a ciki: “Wa alaikumus salam. Ina yini, ya mutanen gida? 'Yar wane ce ke a Mararaba?”

Yusra ta nemi hoto, aka ce mata ba a san iyayenta ba. Ta tambayi unguwa, aka tambaye ta me za ta zo yi. Da Malama ta ga haka sai ta gwada tsokana, ta kira ta baƙauya. Amsa ta zo bayan la'asar, ana yi mata addu'ar shiriya, ana cewa ta gaida mamanta.

Malama Nabilah ta sami abin da take nema. Ana gobe taro ta kira Zulai, ta ce ta zo da wayarta. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, “Malama, ai ni...” Malama ta katse ta, ta ce kunya ba ta da wuri a gobe, ta sallame ta.

Ɗakin taro ya cika da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Aka kunna majigi, wayar Malama ta bayyana a bango. Da ta sanar cewa ita ce Yusra, yara talatin da ɗaya suka nutse cikin kujerunsu. Oga Bernard ya ɓata rai. Ta roƙe shi ya dakata, ta kira Zulai gaba, ta karanta amsoshinta ɗaya bayan ɗaya.

“Ga abin da darasina ya haifar,” in ji ta. “Yanzu za ku gani da idonku.”

Ta rubuta wa Zulai cewa ta turo hoto ɗaya tak, ta aika, ta ce wa yarinyar ta fito da waya ta ba da amsa. A bango alama ta nuna ana rubutu. Aka jira, aka yi ta jira, har wasu suka fara gyaran murya. Can amsar ta fito da manyan baƙaƙe: “Ke har yau ba ki gaji ba? Da alama babu mai tsawata miki a gida.”

Oga Bernard ne ya fara tafi, shi ne kuma ya fara dainawa, don idonsa ya kai kan hannuwan Zulai, babu komai a cikinsu.

Can a kujerar ƙarshe, Iya Yelwa ta ɗage yatsanta ɗaya daga kan wayar Zulai, ta cire tabarau, ta sake ƙulle wayar a haɓar zaninta, inda take tun ranar da aka ce mata zamanin ba nasu ba ne.