Rantsuwar Alhaji a Kan Rigar Kada

Alhaji Nata'ala ya karya raket ɗin buga tanis a gwiwarsa, ya wurga wa ɗansa Uwaisu.

"Likita na turo ka London ka zama, ba mai dukan ƙwallo da rariya ba! Ka ƙara buga tanis, sai Kano. Wa ya taɓa arziki da wasa?"

Ya janyo tsarabar da ya jido a unguwar Marylebone ta London, riguna dozin uku masu hoton kada a ƙirji. Zamanin kuɗin fetur ne, ba a tambayar farashi.

"Ka ga mai kamfanin nan? Bafaranshe ne, namijin duniya. Sawunsa za ka bi."

"Duk abin da ya yi, Baba?"

"Wallahi tallahi! Ni zan biya."

Uwaisu ya zaro takardar cikin kwalin rigunan. Ga Bafaranshen yana saurayi, riƙe da raket.

"Zakaran tanis ne, Baba. Daga nan ya fara."

Magana zarar bunu ce. Kaffara kuwa, ina miskinai goma a Marylebone? Azumi uku ma ba da tumbin Alhaji ba.

Washegari Alhaji da ƙafarsa ya shiga kantin kayan wasanni.

"A ba ni rariyar da ta fi tsada."