Sai Ka Zo da Ranka

Dattijo Don Arcesio ya sa farar rigarsa ya kwanta, yana jiran allurar da za ta raba shi da duniya. Shekara huɗu yana shari'a a birnin Pereira kafin kotu ta yarda likita ta hutar da shi daga ciwon dajin da ke cin ƙashinsa. Tun safe ya yafe wa kowa, har ya ba surukinsa takalmansa.

Likita Yesenia ta duba katin shaidarsa a na'ura, ta sake dubawa.

"Don Arcesio, ai ka mutu tun ranar Talata."

Matarsa Nubia ta sunkuyar da kai. "Ni ce, tsoho. Ka san layin ofishin rajista. Na ce bari in rage aiki, na kai takardar mutuwarka da wuri."

"Ko mutuwata ma sai kin riga ni, Nubia?"

"Doka ba ta ce in yi wa gawa allura ba," in ji likitar. "Sai kotu ta tabbatar kana da rai."

Aka kira lauya a waya. Ya ce kotu za ta zauna nan da shekara biyu, kuma dole mai ƙara ya zo da ƙafarsa.

"In na mutu kafin ranar fa?"

"Ka faɗi shari'ar ke nan."

Don Arcesio bai taɓa faɗuwa a kotu ba. Ya yunƙura ya zauna, ya harari surukinsa.

"Kai, cire min takalmana. Nubia, ɗora tukunya, ki miƙo maganin nan da nake zubarwa."