Telan Da Ya Sa Aka Kaɗa Take

Tunda ka dage kai ka fi mutumin nan sanin abin da zai iya, zauna in ba ka misalin wani tela.

A wani gari an yi wani mahauci ɗan dambe, siriri ne, ba shi da wani jiki na a zo a gani, amma ya shekara ashirin da biyu yana shiga fage ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa. A dambe kuwa ka san ƙa'ida: da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan. Shi gwanintarsa kaucewa. Ƙato zai kawo naushi, ya duƙa, naushin ya wuce ta bisa kansa, ya taso da nasa. Da furfura ta fara fito masa, wata shekara sai ya kwance zaren hannunsa, ya koma kan teburin namansa, bai gaya wa kowa dalili ba. In ana dambe yakan zo ya zauna cikin 'yan kallo kamar kowa.

Telan nan tun yana saurayi yake bin mahaucin gari-gari, shi da ko kaza bai taɓa duka ba. A bakin shagonsa ake majalisa, kullum musun ɗaya ne. Shekara biyu da saukar mahaucin wani ƙaton matashi ya taso, duk wanda aka haɗa shi da shi sai ya kashe. Abokan musu suka ce tsoho ya yi wayo da ya sauka, don matashin ya fi shi da nauyin rabin buhun gero, a birni inda 'yan dambe ke hawa sikeli ko haɗa su ba za a yi ba, ga kuma shekaru. Tela ya ce sikeli na masu awon gyaɗa ne, dambe iyawa ce, iyawa kuma ba ta tsufa. Ya ce su je su kalli damtsen mutumin in yana saran ƙashi, su dawo su gaya masa inda tsufan yake. Sau uku yana zuwa wajen mahaucin da maganar ya koma fage, sau uku mahaucin yana murmushi ya ce ya gama, ya kasa masa nama, ya ƙara masa tsoka ɗaya gyara. Tela ya ɗauka kawaici ne kawai irin na manya.

Bayan an kai amfanin gona gida aka shirya dambe da la'asar. Ƙaton ya zagaya fage hannu a sama, ba wanda ya fito. Abokan musu suka juyo suna kallon tela suna dariya, abin ya ci masa rai. Ya lallaɓa ta bayan makaɗa, ya damƙa wa babbansu na goro, ya raɗa masa ya kaɗa taken mahaucin. Tela ya san abin da yake yi sarai. Ɗan dambe yana iya ƙin roƙon aboki, amma a kaɗa takensa a bainar jama'a, ana kiran sunan ubansa da kakansa, ya ci gaba da zama, wannan a wajensu ya fi kisa muni. Kalangu ya ɗauka. Mahaucin ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya miƙe, ya tuɓe riga, ya miƙa hannu aka naɗa masa aron zare.

A turmin farko tela har rawa ya taka. Ƙaton ya yi ta dukan iska, tsohon ya sa masa biyu a haƙarƙari, fage ya kaure da ihu. A turmi na biyu ƙaton ya kawo wani naushi da iya ƙarfinsa, tsohon ya duƙa yadda ya saba, naushin ya wuce ko gashin kansa bai shafa ba. Sai dai bai taso ba. Gwiwar hagu ta ƙi ɗaga shi, ta lanƙwashe a hankali kowa yana kallo, ta taɓa ƙasa. Alƙali ya ɗaga hannun ƙaton. Ba a doke shi ba, amma an kashe shi, sunan da ya shekara ashirin da biyu yana tsarewa ya tafi a yammaci ɗaya. Shi kansa ƙaton bai yi kirari ba.

Washegari tela ya je teburin nama, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai a ranar ya lura da abin da ya yi shekara biyu yana gani: mahaucin a zaune yake sara, kan wani kututture, ƙafar hagu a miƙe. Ya tuna ko a masallaci can ƙarshen sahu yake tsayawa, yana dafa bango in zai taso daga sujada. Mahaucin bai yi masa faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kai damtsena kake kallo, malam tela. Ni da gwiwar nan nake kwana, da ita nake tashi." Ya kasa masa nama, ya ɗora tsokar nan da ya saba ƙara masa. Da zaginsa ya yi da ya fi wa tela sauƙi. Tela ya kai naman gida, aka dafa, ya kasa ci.

To ka ji. In mutum ya ce maka ya gama, kada ƙaunar da kake masa ta sa ka kaɗa masa take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.