Naman Barewa a Corniche

Shekarata goma sha biyar lokacin Kofin Duniya. Kawu ya zo Doha kallon ƙwallo, ya taho mana da busasshen naman barewa daga kakana maharbi. Da la'asar Mama ta shimfiɗa darduma a Corniche, wurin shan iska na bakin teku, ta buɗe kwano. Ƙamshin hayaƙi da yaji ya tashi.

Sai ga wata Baturiya 'yar ajinmu, ta ɗaura ƙahonin roba a ka, irin na barewar da suke cewa tana jawo kyautar Kirsimeti. Ta tambaye ni naman mene ne. Kunya ta kama ni, na ce na saniya ne.

Ashe Mama ta ji. Ta dube ni.

"Saniya ce ta sa kakanki kwana uku a daji? Gaya mata barewa ce, 'yar'uwar mai ƙahonin da ke kanta."

Na gaya mata. Yarinyar ta dafe ƙahoninta, ta ce mu mugaye ne. Mama ta miƙo mini babbar tsoka.

"Ci a gabanta. Ba sata muka yi ba."

Na ci ina kallonta, har da siɗe yatsu. Daga ranar yarinyar ba ta ƙara yi mini magana ba. Da za a sake miƙo mini tsokar nan yau, haka zan cinye ta.