Ƙwayar Da Ke Karya Alwala

Tun da Malam Ma'azu ya dawo daga asibiti, matarsa Afra'u ba ta huta ba. Bugun zuciya ne ya kayar da shi a rumfarsa ta hatsi a kasuwar Dogon Dutsi, da kyar aka ceto shi. Lokotoro ya ce zuciyar ta yi rauni, ba ta tura jini kamar da, don haka ruwa zai riƙa taruwa a jikinsa. Ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce kullum a sha, ba fashi.

Sauran ƙwayoyin Malam na haɗiyewa ba musu. Wata 'yar ƙarama fara ce suka sa ƙafar wando ɗaya da ita. Ita ce mai fitar da ruwan, da ya sha ta sai zarya bayan gida. Shi kuwa mutum ne da alwalar azahar ke kai shi isha'i, duk unguwa ta sani, kuma yana son a sani.

Sai ya bar shan ta. Afra'u ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kai ƙara wurin yayansa, duk a banza. Kai, taurin kan bawan Allah nan ya ishe ta!

"Malam, alwala ana sake ta," ta ce. "Ruwa na nan cikin randa."

"Ke mi kinka sani? Ban shan abin da ka tashe ni daga sahun gaba."

Ba a jima ba ƙafafunsa suka kumbura, ciki ya taso, fuska ta cika. Abin takaici, sai abokan kasuwa suka shiga yi masa barka, wai ya yi jiki, lafiya ta samu. Ya dawo gida yana ba ta labari har da dariya. Afra'u ta danna masa yatsa a ƙwauri, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce wannan ba ƙiba ba ce, su koma wurin lokotoro. Ya ce sai bayan cin kasuwa.

Kwanciya ta gagare shi, sai barci a zaune. Sujada ma ta koma da haki.

Ranar Juma'a ya sa babbar riga, takalmi ya ƙi shiga. Ya duƙa zai tura ƙafar, numfashi ya sarƙe. Ruwan ya kai huhu. Aka sa shi a mota, kansa bisa cinyar Afra'u, tana kuka tana yi masa faɗa. Kafin su kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Jama'a, mai raunin zuciya ba ya zaɓen wadda zai sha cikin ƙwayoyinsa. In wata ta takura maka, koma wurin lokotoro ya gyara maka lokacin shan ta, kada ka yanke wa kanka hukunci. Kumburi kuma ba ƙiba ba ne, a garzaya asibiti.