Ƙofar Kejin da Aka Hango a Rufe

Kai da ka aika a duba maka jikin gwaggonka, ɗan aike ya dawo ya ce lafiya lau, hankalinka ya kwanta, zauna ka ji wannan. Sau ɗaya zan faɗa.

An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin kurmi, wanda ya ajiye bindiga tun da idonsa ya fara rauni, ya koma ɗana tarkon keji. Kejin na katako ne da sandunan ƙarfe. Ƙofarsa tana ɗage a sama, an tokare ta da ɗan tsinke, tsinken kuma a ɗaure yake da zare zuwa ga abincin da ke can ƙurya. Dabba ta shiga ta ja, tsinke ya goce, ƙofa ta faɗo. Ba jini, ba karaya, gashi bai ɓaci ba. Da shi yake kama tunku da yanyawa, ya kai wa majema fatunsu. Amma abin da ya shekara biyu yana nema shi ne jibda, dabbar nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da ake kiwo da ranta, ana kankare turare daga jikinta. Wanda ya mallaki jibda ɗaya mai rai ya huta da yawon daji, shi kuwa gwiwa ta fara gajiya, ga iyali. A wata bazara ya ga sawunta a bakin rafi. Ya turara kejin da hayaƙi kwana uku don ya kashe warin mutum, ya shafa toka a hannu, ya sa nunanniyar gwanda da busasshen kifi, ya lulluɓe shi da ganye har ƙofar kaɗai ake gani. Kullum da sassafe yana can, domin ƙa'idar masu tarko ce kada rana ta take tsaka ba a duba keji ba. In kuwa tafiya ta kama mutum, sai ya je ya kwashe abincin, ya sauke ƙofar da hannunsa, kada wani rai ya shiga ba mai buɗe masa.

Ran nan da la'asar aka zo masa da labarin mahaifiyarsa ta faɗi a garinsu, ba ta magana. Motar ƙarshe tana shirin tashi, kurmi kuwa tafiya ce mai nisa. Ban ga laifinsa ba da ya zaɓi uwa, kowane ɗan halal haka zai yi. Ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa, wani manomi mutumin kirki da bai taɓa ƙin aike ba, ya ce, “Don Allah ɗan'uwa, gobe da safe ka je ka rufe mini kejin nan na gindin kanya.” Manomi ya ce ya ɗauka, kuma bai saɓa ba. Gari na wayewa, kafin ya wuce sharar gona, ya ratse ta kurmi. Daga wannan gaɓar rafi ya hango ƙofar keji a ƙasa. Ya ce a ransa, ashe ma mutumin ya rufe kafin ya tafi, ruɗewa ce ta sa ya manta. Ya yi niyyar ƙarasawa, sai ya tuna yadda maƙwabcin nasa ke yawan cewa warin mutum yana ɓata tarko. Don kada ya ɓata masa aiki, ya juya. Har saƙo ya aika masa cewa keji a rufe yake. Mai tarko in ya ga ƙofa a ƙasa ya san akwai rai a ciki. Manomi ya ga ƙofa a rufe, ya ɗauka aiki ya ƙare.

Ranar kwana huɗu tsohuwa ta buɗe baki ta nemi kunu. Maharbi ya gode wa Allah, ya dawo gida, ya ɗauki sabuwar gwanda ya nufi kurmi don ya sake ɗana tarkonsa. Tun kafin ya isa, ƙudaje suka ba shi labari. Ya yaye ganyen. Ga jibda, namiji ƙosasshe, wanda maharbi ya shekara biyu yana jira, kwance a gefe guda. Hancinsa ya goge, gashin goshinsa ya tuje wajen tura sanduna, farata sun kakkarye a jikin katako. Ƙishirwa ce ta kashe shi, ga rafi yana gudu taku goma daga kejin. Ko fatar ba ta moru ba. Ya haƙa rami da wuƙarsa ya binne shi. Da ya komo, manomi ya tare shi da fara'a yana cewa ya iske keji a rufe, sai maharbi ya ce, “Na gode, Allah ya saka da alheri.” Bai ga laifinsa ba, don mutumin bai cuce shi ba, iyakar abin da idonsa ya sani ya gani. Bai sake ganin sawun jibda a rafin nan ba, ya ci gaba da jan gwiwa a daji har ƙarfinsa ya ƙare. Da tsufa ya kama shi yakan ce turaren bai dame shi ba kamar tunanin dabbar nan tana jin ƙarar ruwa kwana da kwanaki.

Shi yana da uzuri, uzuri mai ƙarfi, amma uzurin bai shayar da jibda ruwa ba. Kai fa mene ne naka? Ɗan aikenka ya tsaya a tsakar gida, ya ga labule a sake, aka ce masa tana barci. Ba ƙarya ya yi maka ba, bai san ta ba ne. Kai ka san matar da ta goya ka ba ta taɓa barcin hantsi ba tun da take. Tashi ka sa takalminka. Zuwa da kai ya fi aike.