Wadda Ba Ta Bar Kujerarta Ba

A Kaduna, inda gwamnatin Arewa maso Gabas ta tura ta koyon aikin oba-oba, wato yi wa jiragen sama jagora ta rediyo, ta sake cin karo da shirin nan na jirgin da ke yawo cikin taurari, wannan karon a talabijin. Yanzu tana jin Turanci. Ashe matar cikin shirin da ta ɗauka ita ce kyaftin, 'yar karɓar saƙo ce, ba ta da ta cewa sai "To, yallaɓai."

Shekara tara kafin nan aka haska shirin a majigi a unguwar Gwadabawa ta Jimeta, wani tsoho mai fassara yana ta shela a lasifika: "Kyaftin ta ba da umarni, ga maza sun ruga!" Don ta zama kamar matar nan ne ta nace da kuka har babanta ya bar ta ta wuce zuwa sakandare.

Da ta dawo Jimeta, ta iske tsohon a ƙofar gidansa.

"Bappa, ashe ƙarya ka shirga mana."

Ya yi dariya har da tari. "'Yata, Turancinsu gudu yake yi, ban taɓa kamo shi ba. Amma da jirgin ya kama wuta, kowa na ihu, ita kaɗai ce ba ta bar kujerarta ba. To wa zan ce shi ne shugaba?"

Ta durƙusa ta ajiye masa ƙullin goro. "Allah ya saka da alheri, Bappa."

Washegari a filin jirgin Yola, ta umarci matuƙin da ke sama ya dakata tukuna.

Ya ce, "To, ranki ya daɗe."